RUFIN ASIRI KO CIN AMANAR MARAYU? TAMBAYAR DA WANI MAI BINCIKEN KUƊI YA KAWO MINI

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

'Yan uwa, rubutun yau zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku bi shi har ƙarshe. Magana ce da ta shafi duk wanda ya taɓa ba da sadaka ta hannun ƙungiya, da wanda ya taɓa riƙe kuɗin jama'a, da mu malamai da muke tsayawa gaban mutane muna cewa a taimaka.

Bayan ƙaramar Sallah, wani dare mun idar da sallar Isha'i a Dinawa, jama'a sun watse, sai na tarar da wani matashi yana jirana a bakin masallaci, riƙe da jakar leda cike da takardu. Na san shi tun yana ɗan makarantar allo. Ya yi karatun akanta, yanzu yana aiki a cikin Sakkwato. Muka gaisa, ya zauna a gefen tabarma, ya daɗe bai ce komai ba. Can sai ya ce: "Malam, wanga al'amari ya hana ni kwana. Abin da nig gani ya fi ƙarfina."

Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba, ba zan faɗi garin da take ba, kada ma wani ya wahalar da kansa da tambaya. Ƙungiya ce ta taimakon marayu da 'yan gudun hijira, irin waɗanda suka yawaita a yankinmu. Wani daga cikin masu ba su gudummawa ya ce yana son ganin rahoton kuɗin rabon abincin azumi, da sa hannun mai bincike. Sai amintattun ƙungiyar suka kira wannan yaro, a tunaninsu aikin kwana biyu ne, ya duba ya sa hannu.

Ga abin da ya tarar. Rasit ya ce an sayo gero buhu 200. Littafin sito ya ce buhu 160 suka shigo. Takardun farashi guda uku da aka ce an karɓo daga shaguna uku don a zaɓi mafi sauƙi, rubutun hannu ɗaya ne a kansu, biyu daga ciki ma lambar waya ɗaya suke ɗauke da ita. Farashin da aka rubuta ya haura yadda aka sayar da gero a kasuwar Achida a wannan makon. Ya je adireshin shagon da aka biya, ya tarar ba a taɓa sayar da hatsi a wurin ba.

Na ce to ai magana ta fito, me ya rage? Ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, wanda yay yi sayayyar Baba ne." Ba mahaifinsa yake nufi ba, aminin mahaifinsa ne, dattijon da ba ya rasa sahun farko. "Shi yab biya min kuɗin jarrabawa lokacin da mahaifinmu yar rasu. Kuma wani cikin manya ya ce min in rufa asiri Allah Ya rufa nawa, in maganar ga ta fita masu ba da kuɗi guduwa za su yi, marayun ne da asara. Mi za ni yi?"

Bari in gaya muku gaskiya a kan kaina. Abin da ya fara zuwa bakina shi ne in ce masa ya rufa. Har na fara jera hujjoji a zuciya: dattijo ne, yana da iyali, fitina ba ta da kyau. Allah Ya taimake ni ban furta ba, na ce ya dawo jibi. Da na kwanta sai na tambayi kaina, asirin wa nake son a rufa? Ni ne na tsaya bayan tafsiri na ce wa mutane su ba wannan ƙungiya, na ce amintattu ne. Ashe fuskata nake karewa, na lulluɓe abin da rigar tausayi. Daga nan na gane cewa yawancin masu cewa "a rufa saboda marayu" ba marayun ne a gabansu ba.

INA IYAKAR RUFIN ASIRI?

Babu Musulmin da zai musa falalar rufa wa ɗan uwansa asiri. Hadisin sananne ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Amma malamai ba su bar shi babu bayani ba. Imamun Nawawi, wanda ya rasu a shekara ta 676 bayan hijira, da ya zo sharhin wannan hadisi a cikin sharhinsa na Sahihu Muslim, ya bayyana cewa suturar da ake so ita ce ga mutumin da ba a san shi da ɓarna ba, a kan laifin da ya riga ya wuce. Sannan ya ware wasu mutane da ya ce bai halatta a rufa musu ba idan an ga abin da ya zubar da cancantarsu: masu ruwayar hadisi, da shaidu, da waɗanda aka ba amanar sadaka da waƙafi da dukiyar marayu. Ya ce bayyana halinsu lokacin da buƙata ta kama ba giba ba ne, nasiha ce ta wajibi.

Ku duba hikimar. Wanda ya sha abin maye a ɗakinsa ya tuba, in ka rufa masa, haƙƙin wa ka tauye? Babu. Amma buhu 40 na gero ba tsakanin mutum da Ubangijinsa kaɗai suke ba. Suna da masu su. Akwai gidajen da aka rubuta sunansu suka zo da buhunan zuba hatsi suka koma da su a naɗe. Kai da kake son yin afuwa, naka ne? Mutum yana yafe abin da ya mallaka ne. Mai bincike bai mallaki ko tiya ɗaya a ciki ba, shugaban ƙungiya bai mallaka ba, ni malami ban mallaka ba.

Sannan akwai abin da yaron ya gaya mini daga baya, wanda ya ƙarasa kashe mini jiki. Tun kafin a kira shi, an fara raɗe-raɗin cewa mai tsaron sito ne ke ɗibar kaya. Talaka ne, ba shi da mai tsaya masa. Ashe da an rufa wa dattijo, kayan ba ƙasa za su faɗi ba, kan wannan bawan Allah za a ɗora su. Nan take na tuna dalilin saukar ayoyin Suratun Nisa'i daga ta 105. Malaman tafsiri sun kawo cewa wani daga gidan Banu Ubairiƙ ya yi sata, ya jefa laifin kan wanda bai ji ba bai gani ba, a wata ruwaya Bayahude, a wata Musulmi. Danginsa suka zo suna neman Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallam, ya kare musu ɗan uwa. Allah Ya saukar da ayoyi Yana hana tsaya wa maha'inta, Yana kuma girmama laifin wanda ya aikata zunubi ya shafa wa mai gaskiya. Rufin asirin da zai tona na marar laifi, wane irin rufi ne wannan?

SA HANNU SHAIDA CE

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, har da wasu akantocin, shi ne matsayin mai binciken kuɗi a shari'a. Shi ba alƙali ba ne, ba ɗan sanda ba ne, ba kuma mai sulhu ba ne. Shaida ne. Idan ya sa hannu a ƙasan rahoto, yana ce wa mutanen da ba su ga takardun ba: na duba a madadinku, abin da ke nan gaskiya ne. To in ya san ba haka ba ne ya sa hannun, me sunan wannan in ba shaidar zur ba? Kuma mun san Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, ya lissafa ta cikin mafi girman manyan zunubai, yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta maimaitawa. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umurce mu da tsayar da shaida don Allah ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi, ta kuma toshe ƙofar da muka fi bi, wato duba arzikin mutum ko talaucinsa. Ƙarshen Suratul Baƙara kuma ya gaya mana mai ɓoye shaida zuciyarsa ce mai zunubi.

Su ma masu wannan sana'a sun san da haka. Ƙa'idojin da ƙungiyoyin akantoci na duniya ke bi, har da ICAN da ANAN a nan Najeriya, sun tsaya a kan abubuwa biyar: gaskiya, rashin karkata, ƙwarewa da kula, riƙe sirri, da kame kai daga abin da zai zubar da mutuncin sana'a. Sun kuma lissafa abubuwan da ke karkatar da mai bincike, cikinsu akwai son zuciya, da sabo, da tsoro. Yaronmu babu wanda ya ba shi toshiyar baki. Sabo ne ya kama shi, da nauyin alherin da aka yi masa. A ƙasarmu kunya ta fi kuɗi rufe bakin mai gaskiya.

In kuna son ganin ƙarshen mai binciken da ya zaɓi rufewa, ku tambayi labarin kamfanin Arthur Andersen na Amurka. A lokacin yana cikin manyan kamfanonin binciken kuɗi biyar na duniya. Da asirin kamfanin Enron ya tonu a 2001, aka gano ma'aikatansa sun yi ta lalata takardu. Kafin ƙarshen 2002 ya daina aikin bincike, dubban ma'aikata suka rasa abin yi. Jarin mai bincike ɗaya ne tak, a yarda da maganarsa.

BINCIKE BA RASHIN YARDA BA NE

Wani zai ce, Malam, ai bin diddigin dattijo cin fuska ne. To wa ya fi sahabbai amana? Duk da haka Annabi, Sallallahu alaihi wa sallam, ya tura Ibnul Lutbiyya karɓar zakka, da ya dawo ya yi masa lissafi. Mutumin ya ware wasu kaya ya ce waɗannan kyauta aka ba shi. Annabi ya hau mimbari ya tambaya, me ya hana irin wannan ma'aikaci zama a gidan iyayensa ya ga ko kyautar za ta iske shi? Ku lura da abu biyu. Bai bar dukiyar ta wuce ba. A kan mimbarin kuma aikin ya yi wa magana, bai kira sunan mutumin ba. Wannan shi ne ma'aunin da nake ganin ya warware tambayar yaron nan: haƙƙi ba a rufe shi, mutunci kuma ba a yaga shi fiye da buƙata.

Ya taɓa wucewa ta wurin mai sayar da abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa alhali saman a bushe yake. Bai tsaya ga abin da ido ya gani ba. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, yana da Muhammad bn Maslama da yake turawa ya binciko gwamnoni. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mu kuma da muke zaune kusa da Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake kwance, bai kamata wannan ya zama baƙon abu a wurinmu ba. Mahaifinsa Shehu Usmanu, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu iko cikin al'adun mulkin zalunci. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Mai kaza a aljihu ne ba ya jimirin as.

ƊAYA RAMIN

Amma kada wani ya karanta wannan ya ɗauka na ba shi lasisin farautar mutane. Mai bincike yana tafiya ne tsakanin ramuka biyu. Na farko shi ne kwaɗayi da kunya. Na biyu shi ne fushi da zato da son a ce shi ya kama ɓarawo. Wanda ya tsallake na farko ya faɗa na biyu bai tsira ba.

Ban san misalin da ya haɗa biyun ba kamar na Abdullahi bn Rawaha, wanda Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa. Annabi ya kan tura shi Khaibara ya ƙiyasta dabinon da za a raba tsakanin Musulmi da Yahudawan da ke noman gonakin. Suka tara masa kayan adon matansu don ya sassauta musu lissafi. Ya ƙi karɓa, ya ce musu haramun ne. Ya kuma gaya musu ƙarara cewa ba ya ƙaunarsu, amma wannan ba zai sa ya zalunce su a awo ba. Su da kansu suka amsa cewa da irin wannan adalci sammai da ƙasa suke tsaye. Zinariya ba ta sa ya rage ba, ƙiyayya ba ta sa ya ƙara ba.

Kuma ba duk zargi ne gaskiya ba. Mutanen Kufa sun kai ƙarar Sa'ad bn Abi Waƙƙas wurin Umar. Aka tura mai bincike yana bi masallaci masallaci yana tambaya, kowa na yabonsa, sai mutum ɗaya da ya tashi ya yi masa ƙazafi. Da an tsaya ga ƙarar farko fa? Aya ta 6 a Suratul Hujurat don haka ta sauka, kada a cutar da mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama.

Saboda haka da yaron ya dawo, ban fara da cewa ya kai rahoto ba. Na tambaye shi: ka tabbata? Shi ya zaunar da ni ya karantar da ni bambancin binciken yau da kullum da binciken ƙwaƙwaf. Na farkon yana tambaya ko takardu sun dace da juna. Na biyun yana tambaya ko takardun sun dace da abin da ya faru a ƙasa, domin mai almundahanar da ya iya aikinsa takardunsa sun fi na kowa tsafta. Ga abin da na tsinta daga bakinsa, ko zai amfani masu ƙungiyoyi:

1. A fara killace takardun asali, rasit da littafin sito da bayanin banki, kafin kowa ya san inda aka dosa. Takardar da ta kwana a hannun wanda ake zargi ba ta da tabbas.

2. A haɗa abu uku a kan kowace sayayya: abin da aka ce a sayo, abin da ya shigo sito, da abin da aka biya. Inda ɗaya ya saɓa, nan ake tsayawa.

3. A je kasuwa a tambayi 'yan kasuwa fiye da ɗaya farashin wannan makon, ba na yau ba. Hatsi na hawa da sauka, kada a zalunci mutum da farashin wata rana.

4. A tabbatar mai sayarwar yana nan. A je shagon da ƙafa. In kamfani ne a duba rajistarsa a hukumar CAC, a ga ko na ɗan uwan mai sayayyar ne.

5. A lura da alamu: rasit masu lamba a jere alhali makonni ne tsakaninsu, rubutun hannu ɗaya, ko sayayya babba da aka yanka ƙanana don kada ta kai adadin da sai shugabanni sun amince.

6. A ƙirga, a auna. Buhu na iya cika lissafi bai cika awo ba.

7. A je wurin waɗanda aka rubuta sun karɓa, a tambaye su cikin mutunci me suka samu.

8. A ƙarshe a zauna da wanda abin ya shafa, shi kaɗai da shaida ɗaya, a nuna masa takardu a saurare shi. Wataƙila yana da bayanin da ba a sani ba.

Wannan aiki da alamu ba baƙo ba ne a Musulunci. Rigar Annabi Yusuf, alaihis salam, da aka tarar ta yage ta baya ita ta wanke shi. Ibnul Ƙayyim ya yi dogon bayani a kan hukunci da alamu a littafinsa Aɗ-Ɗuruƙul Hukmiyya. Sai dai akwai iyaka. Littafin ƙungiya na jama'a ne, duba shi ba leƙen asiri ba ne. Amma wayar mutum da ɗakinsa da sha'anin iyalinsa ba hurumin mai bincike ba ne, sai hukuma da izinin kotu. A rahoto kuma ba ya rubuta "wane ɓarawo ne". Yana rubuta: an biya kuɗin 200, an karɓi 160, ga takarda, ga abin da wane ya faɗa. Hukunci na wasu ne.

Rahoton ma yana da ƙofar da yake bi. Waɗanda suka sa shi aikin su ne farko. In suka ce ya goge, ba ya gogewa, ba ya kuma sa hannu a kan ƙarya. In suka danne maganar, sai mai dukiyar da ya nemi rahoton, sai hukumar da doka ta ba iko. Facebook da zaurukan WhatsApp ba sa cikin wannan jeri. Wanda ya watsa takardun da aka ba shi amana don ya tara masu yabo, shi ma ya ci amana.

"IN AKA JI, SADAKA ZA TA TSAYA"

Wannan ita ce hujjar da ta fi ƙarfi, kuma ba zan ce babu gaskiya a cikinta ba. Wasu za su janye. Amma mu tambayi kanmu, me ya kashe wa mutane gwiwar bayarwa tun farko? A 2017 Saudiyya ta aiko da dabino tan 200 kyauta saboda azumi, aka wayi gari ana ganinsa a kasuwa, har ma'aikatar harkokin wajen Najeriya ta fito ta ba da haƙuri. Talaka bai manta ba. Abin da ke kashe sadaka shi ne mutane su riƙa jin wari ba su taɓa ganin an ɗaga murfi ba.

Ku duba kuma abin da ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta yi. Bayan annobar Ebola ta 2014 zuwa 2016, wadda ta kashe sama da mutum 11,000 a Gini da Saliyo da Laberiya, masu bincikenta na cikin gida suka gano kusan dala miliyan 6 sun salwanta. A Laberiya an yi aringizon farashin kayan agaji da kuɗin ma'aikata. A Gini an yi takardun biya na bogi da na ƙari wajen fito da kaya daga kwastan. A Saliyo an haɗa baki da ma'aikatan banki. A 2017 ƙungiyar da kanta ta fito ta faɗa wa duniya. Ta sha kunya, amma tana nan tana aiki har gobe.

Yankinmu ba ya da halin rasa yardar masu bayarwa. Mun ga ambaliyar 2010 da ta cinye garuruwa a Goronyo da maƙwabtanta. Mun ga mutanen Tabanni da ƙauyukan Rabah sun kwararo Gandi bayan harin watan Yulin 2018. Mun ga abin da ya faru a kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021. Kowane ɗaya daga waɗannan ya bar marayu da zawarawa, kuma yawancin abin da ke isa gare su ta hannun ƙananan ƙungiyoyi yake bi. In waɗannan suka ruɓe, ina za su dosa?

YADDA MUTUMIN KIRKI KE ZAMEWA

Ban yarda dattijon nan ya shiga ƙungiya da niyyar cuta ba. Wani masani ɗan Amurka, Donald Cressey, ya yi hira da fursunonin da suka ci amanar kuɗi, daga aikinsa aka fitar da cewa abu uku ke haɗuwa: matsin da mutum ke jin kunyar faɗa wa kowa, da damar da babu mai gani, da uzurin da yake ba kansa. Ni wannan na ukun ina kiransa fatawar zuci. "Ai ni ma ina cikin ma'aikatan zakka da Alƙur'ani ya ba kaso." "Ai da man babur ɗina nake zirga-zirga." "Ai ragin da aka yi mini don sanayyata ne." "Aro ne, in an yi girbi zan mayar."

Amsa a taƙaice: ma'aikaci yana da haƙƙi, amma shugabanni ke yanka masa a sarari a rubuta, ba shi ke yanka wa kansa a duhu ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda aka sa aiki aka yanka masa abin da zai ci, duk abin da ya ɗauka bayan haka ha'inci ne. A Sahihu Muslim kuma an kai misalin har kan allura. Wanda aka aika sayayya wakili ne, ragin da ya samu na wanda ya aike shi ne.

Laifinmu a nan shi ne damar da muka buɗe. Mutum ɗaya ke nemo farashi, shi ke sayowa, shi ke kawo rasit, shekara da shekaru babu mai tambaya, wai don kunya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ka bar shi shi kaɗai da kuɗin marayu ba girmama shi ka yi ba, jarraba shi ka yi. A raba aikin: mai saye daban, mai karɓa daban, mai biya daban, sa hannu biyu a banki. A biya ma'aikaci haƙƙinsa. A karanta lissafi a gaban jama'a. A kuma buɗe hanyar da ƙaramin ma'aikaci zai yi magana ba tare da tsoro ba, domin rahoton 2024 na ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE ya nuna kashi 43 cikin 100 na almundahanar da aka gano, tsegumi ne ya tona ta.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Na ce wa yaron abu biyu. Na farko, tunda akwai alheri tsakaninsa da dattijon, ya gaya wa amintattu wannan alaƙa, ya nemi a haɗa shi da wani akanta da ba ɗan garin ba. Na biyu, ya rubuta abin da ya gani, kada ya rage don kunya, kada ya ƙara don a ce ba ya son kai.

Haka aka yi. Aka zauna mutum biyar a ɗaki, aka rufe ƙofa. Dattijon ya fara da faɗa, da aka jera masa takardu sai ya yi shiru, daga baya ya yi kuka ya ambaci bashin da ya sha masa kai. Aka rubuta zai biya kashi kashi, aka cire hannunsa daga sayayya, aka sanar da mai gudummawar gaskiyar abin da ya faru. Aka kira mai sito a gaban waɗanda suka yi masa zato aka wanke shi. Ba a kai sunan kowa kasuwa ba.

Ba zan ce muku komai ya ƙare lafiya ƙalau ba. Wani mai ba da gudummawa ya janye. Akwai gidan da yaron nan ya taso yana cin tuwo a ciki, yau in ya yi sallama da ƙyar ake amsawa. Ya sake zuwa wurina ya ce: "Malam, anya ban yi butulci ba?" Na ce masa: ɗana, wanda ya biya maka kuɗin jarrabawa ka hana shi tashi ranar ƙiyama da buhu 40 a wuya. Ka ci gaba da gaishe shi ko bai amsa ba, in kana da hali ka taya shi biyan bashin daga aljihunka. Wannan naka ne, kana da ikon kyauta da shi.

Ni ma na ɗauki nawa darasin. Ba na ƙara tsayawa gaban jama'a in ce a ba wata ƙungiya sai na ga lissafinta na bara da idona, domin cewa "amintattu ne" ita ma shaida ce, za a tambaye ni a kanta.

Allah Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya kare mu daga cin haƙƙin maraya. Wanda ya zame a cikinmu Allah Ya ba shi ikon tuba da mayar da haƙƙi tun yana numfashi. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu da ƙasa baki ɗaya.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.